Ƙafa ke gudu, kafaɗa ke ciwo: abin da na gani a Salaga, Yendi da Bawku

A shekarata ta biyu da fara koyarwa, a wata ƙaramar sakandare da ke Salaga, hedimasta ya ɗora mini kula da 'yan tsere. Ba don na iya ba. Ni ne dai ƙarami a cikin malamai, kuma wanda ya fito kwaleji jiya-jiya ba ya cewa a'a. Gasar makarantu, wadda yara ke kira intako, saura mako uku, sai muka riƙa fita fili da ƙarfe shida da rabi na safe kafin a shiga aji.

Akwai wata yarinya 'yar aji biyu da ta fi kowa a tseren mita 1,500. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Zagaye biyu na farko ba mai kama ta, amma da an shiga na uku sai ta dafe kafaɗarta ta dama, ta karkace, ta tsaya.

"Ticha, kafaɗata."

Na ce, "Da kafaɗa kike gudu?"

Yara suka kwashe da dariya. Na matsa kafaɗar, ta ce ba ta jin komai. Na ce ta ɗaga hannu sama, ta ɗaga har ya miƙe. Ta juya shi gaba da baya, lafiya lau. Nan take na yanke hukunci a raina cewa lalaci ne, na kuma faɗa mata haka a gaban 'yan'uwanta. Kwana uku ana maimaita wannan, a rana ta huɗu ba ta zo ba.

Da gaskiyarta. Ni ne ban sani ba, kuma abin da na ɗauka hujjar ƙaryarta, wato kafaɗa lafiya lau idan an taɓa, shi ne ma babbar alamar inda ciwon yake fitowa. Wannan kuskure ne ya sa na shiga bin maganar, kuma tun daga lokacin na ci karo da ciwon kafaɗar mai gudu sau uku, a garuruwa uku, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne. Amma mu da ke tsaye a bakin fili da usur a wuya, mu ne yaro ke fara yi wa kuka, kuma a gida mu ake tambaya tunda wai mun yi boko.

Gida biyu, mita ɗaya

Wani ma'aikacin lafiya da muke haya a gida ɗaya shi ya fara warware mini. Da na ba shi labari sai ya tambaye ni abu guda: ko yarinyar na jin suka a ƙasan haƙarƙari lokacin da kafaɗar ke ciwo? Na je na tambaye ta. Ta ce ƙwarai, saifa kan kama ta, amma ba ta faɗa ba don kowa ma saifa na kama shi.

Ga yadda abin yake. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wani tantani na tsoka mai kama da ƙwarya a kife, shi ne ke sauka ya hau idan muna numfashi. Jijiyar da ke kula da shi ba daga ƙirji ta fito ba. Daga wuya ta sauko, daga wajen gaɓa ta 3 da ta 4 da ta 5 na ƙashin wuya, kuma daga wannan wurin ne jijiyoyin da ke ɗauko saƙon fatar saman kafaɗa suke fitowa. Duk wanda ya zauna a gidan haya a zango ya san rigimar ɗakuna biyu a kan mita ɗaya: takardar kuɗin wuta ta zo, amma ba a san wanda ya ci wutar ba. Haka ƙwaƙwalwa take yi. Tantani ne ke kuka, ita kuwa sai ta rubuta bashin a kan kafaɗa.

Wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Darren Morton da Robin Callister, sun shafe shekaru a kan wannan sukar da muke ce wa saifa. Abin da suka tattara ya nuna kusan 70 cikin 100 na masu gudu sun ji ta a cikin shekara guda, kuma a tsere ɗaya kusan mutum ɗaya cikin biyar kan gamu da ita. Sun lura tana yawan zuwa tare da ciwon ƙarshen kafaɗa, ta fi kama yara da matasa, kuma cin abinci ko shan abu mai zaƙi dab da gudu na ƙara ta. Bayanin da suka fi karkata a kai shi ne gugar tantanin da ya lulluɓe bangon ciki ta ciki, wanda sashensa na sama ke manne da wancan na numfashi. Ita saifar gaske, wadda ke hagu, ba ruwanta a yawancin lokuta. Sukar ma ta fi zuwa a dama.

Mahaifiyar yarinyar nan koko take sayarwa. Kowace safiya, kafin ta fito, sai an cika mata kofi da sukari, ga ƙosai, ta kora da ledar ruwa guda a hanya, minti goma kafin in busa usur. Na je gidan na ba da haƙuri. Uwar ta ce, "Malam, ai ni na ɗauka ƙarfi nake ba ta." Muka shirya ta riƙa zuwa da kokonta a kwano ta sha bayan an gama. Ciwon bai ɓace ɗungurungum ba, amma ya ragu har ta iya kai ƙarshen zagaye. Ta zo ta huɗu a gasar. Ina ganin da ban kore ta da bakina na mako guda ba, da ta fi haka.

Maganin wannan nau'in ba ya buƙatar ko sidi ɗaya. A bar aƙalla awa biyu tsakanin abinci mai nauyi da gudu. Tuwon zafi, waake da shinkafa, fura ko burkina, duk su jira. Ruwa a kurɓa kaɗan-kaɗan, ba a zuƙe leda guda a tashi ɗaya ba, kuma lemon kwalba da sobolo mai sukari sun fi ruwa tayar da sukar. Idan ta kama ka a hanya, rage gudu, danna wurin da ke ƙasan haƙarƙari da yatsu, ɗan sunkuya, ka ja numfashi har ciki ya kumbura sannan ka hura shi a hankali kamar mai hura koko. Cikin 'yan mintuna takan saki, kafaɗar ma ta saki tare da ita. Samarin da ke fita gudu ko ƙwallo bayan shan ruwa a watan azumi, da ciki dam, su ne manyan abokan cinikin wannan ciwo. Su jinkirta zuwa bayan tarawi.

Tawa kafaɗar, a Yendi

Da aka mayar da ni Yendi sai na shiga ƙungiyar masu motsa jiki ta ranar Asabar, irin waɗanda ake ce wa kif-fit, muna bin hanyar Tamale da sassafe mu dawo. A nan abin da na yi wa yarinya dariya a kai ya same ni, sai dai nawa daban ne. Da an yi kamar minti ashirin sai in ji zafi tsakanin wuya da kafaɗar dama, kamar an ɗora garwashi. Ba suka a haƙarƙari. Idan na danna wurin da yatsa ina jin sa sosai, idan na karkata wuya hagu sai ya ja. Wannan ciwon tsoka ne, kuma shi ne ya fi yawa.

Gudun bai haifar da shi ba, tona shi ya yi. Ku duba yinin malamin makaranta. Hannun dama a sama kan allo darasi biyar ko shida. Da yamma a duƙe kan littattafan yara sittin. Tsakani kuma ga moto a kan hanya mai ramuka, kafaɗu a ɗage, hannu a ƙanƙame da kan mashin. Kan mutum ya kai nauyin kilo biyar, kuma duk lokacin da ya leƙa gaba, tsokar wuya da kafaɗa ce ke riƙe shi. Ranar Asabar sai in kawo wannan gajiyayyiyar tsoka in ce ta yi mini lilo da hannu. Mai gudu kan yi taku 160 zuwa 180 a minti, wato wajen taku 5,000 a rabin awa, kuma kowane taku da lilon hannunsa. Tela, direba, mai ɗinkin hula, mai ɗaukar kaya a ka, mai yini a kan waya, kowa da irin tasa gajiyar da yake kawowa fili.

Sannan ga waya. A hannun dama nake riƙe ta, a dunƙule, don ina auna nisan da na yi. Wani kuma ledar ruwa yake riƙewa, wadda rabin lita ce, rabin kilo ke nan. Nauyin ba shi ne matsala ba, dunƙulewar ce. Gwada yanzu: dunƙule hannu da ƙarfi, ka taɓa saman kafaɗarka da ɗaya hannun, za ka ji ta yi tauri. Hannun da ke riƙe da kaya kuma ba ya lilo daidai da ɗan'uwansa, sai jiki ya karkata ba ka sani ba.

Kada wani ya ce to a daina lilon. A 2014 wasu masu bincike a Jami'ar Kolorado ta Amurka, Christopher Arellano da Rodger Kram, sun sa mutane gudu da hannu a sake, sannan a baya, a ƙirji, da a ka. Riƙe hannu a baya ya ci ƙarin ƙarfi kashi 3 cikin 100, a ƙirji kashi 9, a ka kashi 13. Hannu na aiki a gudu, yana hana gangar jiki jujjuyawa. Abin da ake so shi ne ya yi aikin a sake.

Na fara da sa waya a aljihu mai zif. Sai hannu: yatsu a lanƙwashe kamar kana riƙe da ɗanyen ƙwai, ba ka so ya faɗi, ba ka so ya fashe. Gwiwar hannu a lanƙwashe kamar kusurwar allo, hannu na tafiya gaba da baya, ba ya ƙetare layin maɓallin riga. Ido a gaba, ba a kan yatsun ƙafa ba. Kowane minti goma in ɗaga kafaɗu har kunne, in sake su su faɗi, in karkaɗe hannuwa. Lokacin hunturu wannan ya fi muhimmanci, don sanyin asuba na sa mutum ya takure, ƙura kuma ta sa shi numfashi sama-sama da ƙirji, wanda tsokar wuya ke ɗaukar nauyinsa.

A gida kuma abu uku nake yi, ba sa cin minti goma. In tsaya a miƙe in matse allunan kafaɗa biyu ta baya kamar zan riƙe alli a tsakaninsu, in ƙirga biyar, sau goma. In tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a jikin katakon, in tura ƙirji gaba na daƙiƙa 20 zuwa 30. Na uku, na yanko robar tsohon tiyub na keke na ɗaure a tagar ɗaki, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, in riƙa jan robar zuwa waje a hankali. Idan wurin ya yi tauri, tsumma da ruwan ɗumi, ko tausa da man kaɗanya. Idan sabon rauni ne mai kumburi, ledar ruwa mai ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, minti 15. Sai da na yi wajen mako shida kafin garwashin ya mutu. Ba abu ne na kwana biyu ba.

Wata malama abokiyar aikina ta nuna mini abin da ido na bai taɓa gani ba. 'Yan matanmu da yawa na gudu da hannu ɗaya a haɓa suna riƙe hijabi kada iska ta ɗauke shi, wasu kuma suna rungume ƙirji don kunya ko don rigar mama ba ta riƙe su. Hannu ɗaya a ɗaure, kafaɗa a ɗage, zagaye huɗu. Ta ce a sama musu ɗan ƙaramin hijabi mai kama kai da rigar mama ta wasanni, ta kuma ɗauki nauyin yi wa iyaye mata bayani. Koke-koken wuya da kafaɗa a cikinsu ya ragu ƙwarai.

Akwai kuma ciwon da ke cikin gaɓar kanta. Tsokoki huɗu ne ke riƙe kan ƙashin hannu a cikin ɗan kwanonsa, kuma igiyoyinsu kan kumbura ko su yage. Alamarsa, ɗaga hannu ta gefe: a ƙasa lafiya, a tsakiya zafi, a can sama ya lafa. Kwanciya a kan wannan gefen na hana barci, sa riga ya zama aiki. Mai shekara 40 zuwa 60, musamman mai ciwon sukari, idan kafaɗarsa ta ƙage ta ƙi ɗaguwa ko da wani ne ya ɗaga masa, wannan wani ciwo ne daban mai ɗaukar watanni. Idan kuma zafin na sauka ta hannu har yatsu, da mutuwar jiki ko jin kamar kiyashi na tafiya, to daga ƙashin wuya ne, jijiya ce ta matsu. Waɗannan duka na asibiti ne da masu gashin ƙashi na zamani, irin sashen da ke Asibitin Koyarwa na Tamale. Ciwon da ya wuce mako biyu zuwa uku bai sauya ba, a kai shi a duba. Maɗori na da wurinsa a garuruwanmu, amma jan kafaɗar da igiyarta ta yage ƙara mata yake yi.

Kawuna a Bawku

Wannan ne dalilin da ya sa na zauna rubutun nan.

Ƙanin mahaifiyata ɗan kasuwar albasa ne a Bawku, ya haura hamsin, yana da jiki. An gaya masa yana da hawan jini, an ce ya riƙa motsa jiki, shi kuma ya ɗauki abin da gaske. Da an ɗage dokar hana fita da safe sai ya fita, tafiya da sauri, ɗan gudu, tafiya. Na zo dogon hutu, na bi shi wata safiya. Da muka kai wani ɗan hawa sai ya tsaya, ya dafe kafaɗar hagu, gumi na keto masa alhali ko rana ba ta fito ba.

"Kawu, lafiya?"

"Sanyin ƙashi ne, yaro. Kullum a nan yake kama ni. In na tsaya kaɗan sai ya sake ni."

Kuma haka aka yi, bayan kamar minti huɗu ya ce mu tafi. Ya ce wata biyu ke nan. Ya shafa man zafi har fatar ta yi baƙi, wanzami ya yi masa ƙaho, wani mai shagon magani ya ba shi ƙwayoyin ciwon jiki yana sha safe da yamma. Na matsa kafaɗar, ba zafi. Ya ɗaga hannu, ya juya, lafiya lau. Irin abin da na gani a Salaga ke nan, sai dai wannan karon gabana ya faɗi. Ba suka a haƙarƙari, bai ci komai ba, ba yaro ba ne. Da na matsa masa da tambaya ya ce ba ciwo ba ne sosai, nauyi ne, kamar an aza masa buhu, kuma wani lokaci yana hawa har muƙamuƙi.

Ciwon da ke zuwa da wahala, a wuri ɗaya na hanya, ya tafi da hutu cikin 'yan mintuna, ya dawo idan an sake wahala, haka zuciya ke kuka idan hanyoyin da ke kai mata jini sun tsuke. A zaune jinin da ke wucewa ya ishe ta, a kan hawa bai isa ba. Ita ma mitarta ɗaya da ƙirji, hannu, kafaɗa da muƙamuƙi, shi ya sa mutum kan ji ta a can. Ba dole sai hagu ba, kuma ba dole sai da ciwon ƙirji ba. Mata, tsofaffi da masu ciwon sukari sukan ji ta a matsayin gajiya, ƙarancin numfashi, tashin zuciya ko nauyin kafaɗa kawai.

Kai kawu asibiti ya fi koyar da aji uku wuya. Ya ce kasuwa, ya ce kuɗi, ya ce ni yaushe aka haife ni. Sai da na haɗa shi da yayarsa, wato mahaifiyata, a waya. Aka yi masa gwajin bugun zuciya, aka tura shi Tamale, likita ya tabbatar hanyoyin jinin zuciyarsa ne suka tsuke. Aka ɗora shi kan magani, aka hana shi gudun, aka kuma hana shi waɗancan ƙwayoyi. Yanzu tafiya yake yi daidai yadda aka tsara masa.

Motsa jiki ba ya wanke wannan haɗari gaba ɗaya. Jim Fixx, Ba'amurken da littafinsa na 1977 ya jawo ɗimbin mutane cikin gudu, ya faɗi ya rasu yana cikin gudu a 1984, yana da shekara 52, kuma aka tarar da hanyoyin jinin zuciyarsa a toshe. Mahaifinsa ma ciwon zuciya ne ya ɗauke shi yana ɗan shekara 43. Ƙuruciya ma ba katanga ba ce. Ba mu manta Raphael Dwamena ba, ɗan wasan Black Stars da ya faɗi a fili a Albaniya ranar 11 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 28, bayan an daɗe da sanin yana da matsalar zuciya. Ban kawo su don a bar gudu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma zaman benci ya fi gudu kisa nesa ba kusa ba. Amma wanda ya wuce arba'in, ko mai hawan jini, sukari, shan taba, ko wanda zuciya ta kashe wani nasa da wuri, ya je a auna shi kafin ya sayi takalmi.

Idan nauyin ya zo da gumi mai sanyi, jiri, ƙarancin numfashi ko suma, ko ya ƙi tafiya bayan an huta, ba a jiran gari ya waye. A zaunar da mutum, a kira 112 ko a nemi mota, kuma kada a bar shi ya tuƙa moto da kansa. Mu a nan nisa ne abokin gabarmu. Daga Salaga zuwa Tamale ya haura kilomita 100, daga Yendi ma kusan hakan, Bawku kuwa ba a magana. Awa ɗaya da aka ɓata wajen shafa mai, a kan hanya za a neme ta.

Ba zuciya kaɗai ke aika saƙon gaggawa ta kafaɗa ba. Wanda ya faɗi a moto ko aka yi masa gula a ciki wurin ƙwallo, daga baya ya ji kafaɗar hagu na ciwo alhali ba ita ya buge ba, ga jiri, wannan na iya zama saifar gaske ce ta fashe tana zubar da jini a ciki, kuma saifar da zazzaɓin cizon sauro ya kumbura ta fi saurin fashewa. Macen da al'adarta ta yi jinkiri, ta ji ciwon mara da na ƙarshen kafaɗa, a kai ta asibiti a take, don ciki ne mai yiwuwa ya zauna a wajen mahaifa. Kafaɗar dama mai ciwo bayan cin maiƙo, ko tare da rawayar ido, a duba hanta da maɗaciya.

Game da ƙwaya, ra'ayina mai tsauri ne. Shan diklofenak ko ibuprofen kafin gudu don kada a ji ciwo, a zafin Maris da Afrilu da Bawku kan haura digiri 40, da ciki wayam, jiki ba ruwa, hanya ce ta ɓata ƙoda da tayar da olsa, kuma suna iya ƙara hawan jini. Tiramadol kuwa, wanda ya riga ya cinye mana samari da yawa, ba shi da wurin zama a fili. Farasitamol ya isa ga ciwon tsoka, babba kada ya wuce giram 4 a yini, mai ciwon hanta kuma ya tambayi likita tukun. Mafi munin aikin ƙwaya a wurin kawu shi ne ta ba shi hujjar cewa yana magani.

Tambayar da nake fara yi yanzu

Saura abu ɗaya da ya shafe mu a arewa fiye da yadda muke zato. Wajen jarirai 2 cikin 100 da ake haifa a Gana na zuwa da sikila. Marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda shi kansa ɗan tseren tsallake shinge ne a ƙuruciyarsa, shi ya jagoranci fara gwajin jarirai a Kumasi a 1995, amma yawancin yaran da ke gabana ba a taɓa gwada su ba. Arewacin Gana da Burkina Faso na cikin wuraren da nau'in jini na C ya fi yawa a duniya. Mai SC sau da yawa yakan girma ba a sani ba, don ciwonsa ba ya tsananta da wuri kamar na mai SS, har sai ranar da jini ya daina isa kan ƙashin cinya ko na kafaɗa, ƙashin ya fara mutuwa. Ciwo ne mai zurfi a cikin gaɓa, ba ya jin tausa, yana ƙaruwa a hankali. Gudu cikin zafi ba ruwa kuma na iya tayar da rikicin sikila gaba ɗaya. Gwajin nan na sikilin da aka saba yi S kawai yake nunawa, ba ya faɗin ko AS ne ko SC. Sai an nemi cikakken gwajin nau'in jini.

Don haka da aka buɗe atisayen bana, kafin kowa ya taka fili, na jera su a inuwar darbejiya na tambayi wa ya san nau'in jininsa. Cikin yara talatin da wani abu, waɗanda suka ɗaga hannu ba su kai biyar ba, ɗaya ma rukunin ƙarin jini yake nufi. Na rubuta wa iyaye takarda da Hausa da Turanci, na ce a kai su gwaji, a tafi da katin inshorar lafiya, a tambayi kuɗin tun a ƙofa. Zuwa Juma'ar da ta wuce takardu bakwai suka dawo. Ɗaya daga ciki, ta yaron da nake shirin sa wa a mita 3,000, an rubuta SC.